Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sadarwa: a daina yanke mana layi ba sallama

Mai girma Minista, Dakta Bosun Tijani,

Barka da aiki, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Ni mutumin Tsafe ne ta jihar Zamfara, amma shekarata 19 ke nan a Legas. Ina da ɗan shago a gefen kasuwar Mile 12, ina sana'ar POS, ina cajin waya, ina sayar da kati. Da yake na ɗan yi sakandare kafin in zo, mutanenmu sun ɗora mini wani aikin da babu mai biyana, wato karanta musu saƙon da ya shigo wayarsu. Kullum sai an miƙo mini waya an ce, "Malam, duba min, me suka ce kuma?" Daga wannan kujera nake rubuto maka, kuma magana ɗaya ce ta kawo ni. Lambar wayar talaka yanzu ita ce shagonsa, ita ce bankinsa, ita ce igiyar da ta ɗaure shi da gida. Amma har yau ana rufe ta kamar yadda ake kashe fitila, babu sallama, babu ƙofar da mutum zai je ya ƙwanƙwasa.

Dattawan kasuwar nan kan ba mu labarin zamanin da mutum zai naɗi muryarsa a kaset, ya ɗaure shi da ƴan kuɗi a ƙyalle, ya ba direban da zai koma Arewa, sannan ya jira wata guda kafin amsa ta dawo. Da wayar salula ta shigo a 2001, sim kaɗai ya haura naira 20,000, sai alhazai. Lokacin da na zo, layi muke bi a gindin lema mu biya kuɗin minti. Don haka ba ka buƙatar gaya mini an ci gaba, na gani da idona. Abin da nake so ka gani shi ne yadda wannan ci gaban ya mayar da dukan cinikinmu kan zare ɗaya.

Ka ɗauki ɗan gwari guda. Da dare dillalinsa zai kira daga Ɗanja ko Kadawa ya gaya masa yadda kwandon tumatir ya kwana. A waya za a yi ciniki, a waya za a samu mota, a waya direba zai kira daga Mokwa ko Jebba ya ce taya ta fashe ko an tsayar da su a hanya. Tumatir ba ya jiran kowa, in ya ƙara kwana ɗaya a mota rabinsa ya zama ruwa. Kaya na sauka a nan, matan da suka zo sari daga Ikorodu da Oshodi za su tura kuɗi, shi kuma ba zai saki kwando ba sai ya ji alat. Da yamma ya tura wa manomi nasa, ya tura wa iyali na cefane. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin naira, har mai ruwan leda da mai shayi sun koma karɓar tiransifa. Gwamnati ce ta tura mu wannan hanya, mun kuma bi. To mutumin da aka raba da tsabar kuɗi aka ce ya dogara da layinsa, in aka rufe layin an rufe masa me ke nan?

Na fara da batun haɗa layi da lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa. Ba na adawa da shi. Duk wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa ya san amfanin a ce kowane layi yana da mai shi. An ba da umarnin a Disamba 2020, aka yi ta ɗaga wa'adi, a Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. A ƙarshen Yuli 2024 mutane suka wayi gari layukansu a toshe, ofisoshin kamfanonin waya suka cika har aka yi hatsaniya a wasu wurare a nan Legas, sai da NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin waya, ta ce a buɗe su, sannan aka sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. A takarda, an ba mutane kusan shekara huɗu, kuma na san abin da za a ce ke nan: wanda bai haɗa ba cikin shekara huɗu shi ya so.

Ranka ya daɗe, da yawa sun haɗa. Na'ura ce ta ƙi su, kuma dalilin ƙin yana cikin yadda mu Hausawa muke da suna.

Mutum ɗaya a wurinmu Abubakar ne ranar suna, Garba ne a gida, Habu ne a kasuwa. Muhammadu yana iya zama Mamman. Wanda ya yi masa rajistar sim a gindin bishiya shekara goma da suka wuce ya rubuta Mohammed, ma'aikacin banki ya rubuta Muhammad, mai ɗaukar katin ɗan ƙasa ya rubuta Muhammed. Shi mai sunan bai ga ko ɗaya ba, domin karatunsa na allo ne, da a ajami aka rubuta da ya gyara musu. Sannan ga abin da fom yake kira sunan iyali. Mu ba mu gaji wannan ba. Wani ya ba da sunan mahaifinsa, wata rana a wani ofishin ya ba da sunan garinsu, duka biyun kuma gaskiya ya faɗa. Ranar haihuwa fa? Ka tambayi dattijo zai ce maka shekarar da aka yi fari, ko shekarar da aka kashe Murtala. Sai mai rubutu ya sa masa 1 ga Janairu ya ƙiyasta shekara, na gaba kuma ya ƙiyasta wata daban. Ran da aka ce kwamfuta ta gwada waɗannan takardu da juna, sai ta ce mutum biyu ne ko uku, ta toshe layin.

Akwai wani dattijo mai albasa, mutumin Aliero, da ya fi shekara 30 a kasuwar nan. Layinsa guda ne tun zamanin lema, duk abokan cinikinsa daga Kebbi har Kwatano da shi suka san shi. Aka toshe. Na raka shi ofishin kamfanin layin, aka ce sunan bai yi daidai ba, ya je wurin masu rajista. Can aka ce sabis ɗin na'ura ya ɗauke, ya dawo gobe. Da ya dawo aka ce yatsansa ba ya hawa, kuma gaskiya ne, wanda ya yi shekaru yana ɗaga buhu zanen yatsunsa kan shafe. Kwana 11 muka yi muna wannan zirga-zirga. A ƙarshe wani yaro a bakin ƙofa ya ce a kawo wani abu ya "taimaka". Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. A duk kwanakin nan babu wanda ya yi wa wannan bawan Allah bayani da harshen da yake ji, ni ne tafinta, ni ma rabin abin ban gane ba. Na san hukumar katin ɗan ƙasa ta koma ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma kuɗin gyaran ranar haihuwa da ya haura naira 28,000 ba kai ka sa shi ba. Amma toshe layi a ɓangarenka yake. Bai kamata a toshe wa mutum layi saboda harafi ɗaya da wani ya rubuta masa ba. In an ga saɓani, a kira shi, a ba shi lokaci, a bar layin yana aiki har a warware. Kuma tunda ana iya kawo rumfar sayar da sim har cikin kasuwa da kiɗa da lasifika, ana iya kawo teburin gyara ma.

Wata tambaya kuma da ake yi mini a shago, ban da amsarta, shi ya sa na miƙo maka. An ce an yi duk wannan ne don tsaro. To har gobe masu garkuwa da mutane da waya suke kiran iyalai, su yi ciniki kwana da kwanaki, wani lokaci har su ce a haɗo musu da katin waya. Mai albasa ya sha wahala ya haɗa layinsa, me aka yi da haɗin? Muna so a riƙa fitowa ana gaya wa jama'a, ko a shekara sau ɗaya, amfanin da aka samu. Wanda aka ɗora wa kaya yana da haƙƙin sanin inda za a kai.

Yanzu batun harshe, wanda shi ne ya fi sauƙin gyara, shi ya sa rashin gyaransa ya fi ban takaici. Duk saƙon gargaɗi da ke shigowa, na toshe layi ne, na banki ne, na ƙarin kuɗi ne, da Turanci yake zuwa, Turancin ma na ofis. Mai ƙaramar waya mai tocila yana ganinsa ya ɗauka tallar waƙa ce, ya goge. Amma ka san wa yake kiran mutanenmu da Hausa tsantsa, da sallama, da "Baba ina wuni"? Ɗan damfara. Zai ce daga banki yake, za a rufe asusu yau in ba a karanto masa lambar da aka turo ba. Ya yi magana a hankali, ya yi haƙuri, ya maimaita. Wato ɓarawo ya gane cewa in kana son mutum ya ji ka sai ka yi masa harshensa, hukuma da kamfani ba su gane ba. Na sha ƙwace waya daga hannun mutum yana tsakiyar karanto lambobin katinsa.

Ba abu ne mai wuya ba. A wajabta wa kamfanoni cewa duk sanarwar da ta shafi rufe layi ko cire kuɗi ta zo da harshen da mai layin ya zaɓa, kuma ta zo da murya, domin da yawa suna ji ba sa karantawa. Wannan ba don Bahaushe kaɗai ba, iya mai sayar da barkono da ke kusa da ni Yarbanci kawai take ji sosai, ita ma ni take kawo wa wayarta. Lambar ƙorafi ta 622 da NCC ta tanada abu ne mai kyau, sai dai in ka zagaya rumfunan nan da wuya ka samu wanda ya taɓa jin labarinta. A sa ta a rediyo, a faɗe ta a masallatan Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Ina jin ana ta maganar koya wa kwamfuta harsunanmu, har ta riƙa amsa tambaya da Hausa. Madalla. Kafin ta gama koyo, a ɗauki mutum ya naɗi saƙon minti ɗaya.

Sai abin da ya fi zauna mini a zuciya, shekarar 2021. Ba kai ne a kujerar ba lokacin, amma kujerar ce nake wa magana.

A watan Yuni na shekarar gwamnati ta dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Buhari. Ƙasa ta ɗauka. Lauyoyi suka tafi kotu, jaridu suka yi ta rubutu, ofisoshin jakadancin Amurka da Ingila suka yi magana, matasa suka sauke VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, suka ci gaba da harkarsu. Wata bakwai aka yi, aka buɗe a 13 ga Janairu 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Ni ma ina ganin kuskure ne, gwamnati ba ta rufe bakin jama'a don an ɓata wa shugaba rai. Amma in faɗa maka gaskiya, a Mile 12 ko kwando ɗaya bai ruɓe ba saboda Twitter.

Wata uku bayan dakatar da Twitter, a 3 ga Satumba 2021, aka ba kamfanonin waya umarnin kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya. Ba dandali ɗaya ba, komai: kira, saƙo, intanet, tiransifa. An ce mako biyu ne. Mutanenmu suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don kawai su kira ƴan'uwa su ce muna raye. Ba a jima ba aka kashe na ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtuwar, sannan wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wannan babu VPN ɗin da ke maganinsa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ranar da aka sanar na ce Allah ya sa a dace. Mun gaji da binne mutane, kuma kowa ya san akwai masu tsegunta wa ƴan bindiga motsin sojoji da na masu kuɗi ta waya. Da yawanmu a nan mun goyi baya. Amma da mako biyu ya zama wata, sai muka koma zamanin kaset. Mahaifiyata tana da hawan jini, ni nake tura kuɗin magani. Sai da na nemi direban da zai bi ta Tsafe na ba shi kuɗi a hannu, na zauna ban san ya kai ba ko bai kai ba. Wani abokina sai bayan kwana tara ya ji an yi wa ƙaninsa rasuwa. Masu POS na can duk suka rufe. Ƙauyen da aka shiga da dare kuma ba shi da hanyar kiran kowa, sai in wani ya tsira ya taka da ƙafa. Bayan an buɗe, kowa ya ga ƴan bindigar suna nan inda suke.

Abin da ya bambanta rufewar nan biyu shi ne dokin mai baki ya fi gudu. Ta farko ta taɓa masu iya rubutu da Turanci, aka kai ta har kotun ƙasa da ƙasa. Ta biyu ta taɓa miliyoyin mutanen da aka yanke wa hanyar da za su yi kukan ma. Ba ina cewa kada a taɓa kashe sabis ko da wane hali ake ciki ba, ni ba soja ba ne. Ina cewa abu mai girma haka kada ya tsaya a wasiƙa daga wannan ofis zuwa wancan. A yi masa doka a fili. A san wa ke da ikon nema, alƙali ya duba dalili, a yanka wa'adi da ba za a ƙara ba sai an koma gabansa, a taƙaita shi ga dajin da ake aiki maimakon jiha sukutum, a bar lambar gaggawa ta 112 tana shiga. In an gama a fito a gaya wa majalisa da jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya mayar da turakun sabis da wayoyin ƙarƙashin ƙasa kadarorin da laifi ne babba a taɓa su. Daidai ne. To in ɓarawon da ya yanke waya ya jefa gari cikin duhu yana fuskantar hukunci, ita ma hukuma in za ta yi hakan da hannunta ya kamata a ce akwai wanda take yi wa bayani.

Akwai kuma wata yankewar da ba a jin ƙararta, ita ce sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Rabin ƴan dakon kasuwar nan ƴan ci-rani ne. Ruwa na sauka su tafi gona, wasu ƙauyukan babu sabis ko kaɗan, wani kuma wayar ce ta lalace ko rashin lafiya ta kwantar da shi. Ya dawo bayan lokaci mai tsawo ya tarar lambarsa tana hannun wani a Fatakwal. Alhali da lambar ya buɗe asusu, ita ke karɓar alat, da ita ake shiga asusun ta lambobin USSD, waɗanda ake dannawa a waya a tura kuɗi ba tare da intanet ba. Na san lambobi ba su da yawan da za a bar su a kwance har abada. Amma tunda yanzu kowane layi yana ɗaure da NIN, kowane asusu yana ɗaure da BVN, lambar shaidar da banki ke bayarwa, me zai hana kafin a sayar da lamba a sanar da banki ya cire ta, a kuma kira ɗaya layin mai ita ko na wani nasa da ya bayar? An tara bayananmu wuri ɗaya don a kama mu in mun yi laifi, a yi amfani da su a kare mu mana.

Batun ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da aka amince da shi a Janairu 2025 ba zan daɗe a kansa ba. Ni ma janareta nake kunnawa, na san abin da mai ya zama, kuma na ji an ce rabon da a ƙara tun 2013. Abin da ba na yarda da shi shi ne a cire wa mutum naira 6.98 na USSD, tiransifar ta ƙi tafiya, ya sake, a sake cirewa. Kuɗin ƙanƙane ne a idon mai albashi. Ga mai turin baro da ya gwada sau biyar yana tsaye a gabana, ba ƙanƙane ba ne. Abin da bai tafi ba a mayar da kuɗinsa da kansa, ba sai an roƙa ba.

Ranka ya daɗe, kai ba baƙon Legas ba ne. A Yaba ka kafa CcHub, cibiyar matasa masu fasahar kwamfuta, kuma yaran da suka fito daga irin waɗannan wurare su suka ƙera manhajojin da nake cin abinci da su yau, ban raina ba. Ina jin labarin shirinka na horar da matasa miliyan 3 da na shimfiɗa wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000, Allah ya sa a gama lafiya. Sai dai duk taron da ake yi kan makomar intanet a ƙasar nan, a otal ake yinsa a Victoria Island ko Abuja, masu magana kuma su ne waɗanda in an toshe musu layi suna da lambar wani babba da za su kira.

Daga Yaba zuwa wurinmu titi ɗaya ne, Ikorodu Road, ka wuce Maryland da Ojota da Ketu ka iso. Ka zo da asuba, wajen ƙarfe biyar da rabi, lokacin da motoci ke sauke kaya. Kada a sanar, don in an sanar za a share wuri a jera kujeru a zaɓo masu magana. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, ƙasan akwai caɓi. Ka tambayi duk wanda ka ga dama sau nawa aka taɓa toshe masa layi, da wanda ya yi masa bayani. In ana buƙatar tafinta, shagona yana nan kusa da masu albasa, shayi kuma a wuyana.

Naka cikin girmamawa,
Mai shagon POS da cajin waya,
Kasuwar Mile 12, Legas.